Na cire ƙwayar gadon, amma 'ya'yan kifin lafiyarsu lau. Ina na kuskure?

'Yar Kandara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na san yawancinmu a nan ba wannan ne fanninmu ba, amma akwai likitoci da 'yan kimiyya a cikinmu, ni kuma na gaji da yi wa kaina bayani da Turanci da Larabci ba tare da na gamsu ba. Bari in gwada da Hausa, ko kaina zai buɗe.

Ina shekara ta biyu a digiri na biyu, a wata jami'a a nan bakin Bahar Maliya. Da kifin zebra nake aiki, wani ɗan kifi mai zane a jiki wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba, asalinsa daga ruwayen Indiya da Bangaladash. Ana sonsa ne saboda macen kan zuba ƙwai ɗari ko ɗari biyu a safiya guda, ƙwan kuma garau yake kamar gilashi, kana kallon ɗan tayin yana haɗuwa a gaban idonka. Cikin awa 24 zuciya ta soma bugawa, kwana biyu zuwa uku ya ƙyanƙyashe, kwana biyar ya fara neman abinci.

Ƙwayar gadon da aka ba ni, ba zan faɗi sunanta ba, don malamina zai ci ni ɗanya tunda ba mu wallafa komai ba tukuna. A ɗakin gwajinmu "jin" ake ce wa ƙwayar gado, ranar da na faɗa wa Inna cewa da jin nake aiki sai da ta yi mini tofi. Tawa dai ba daga cikin masu aikin ƙarfi take ba. Furotin ɗin da take samarwa zuwa yake ya zauna a kan DNA, ya ce wa wasu ƙwayoyin gado ku tashi, wasu ku kwanta. Ni madugu nake kiranta, sauran kuma 'yan ayari.

Ga abin da ya faru. Da farko na yi wa ƙwai allurar mofolino, wani sinadari da ke toshe saƙon ƙwayar gadon ya hana a karanta shi. Kwana biyu sai ga 'ya'yan kifin da ƙaramin kai, wutsiya a lanƙwashe, ruwa ya taru a kewayen zuciya. Na yi murna, na ɗauki hotuna, har na kai wa 'yan ɗakinmu basbusa, wani kek mai zaƙi na Larabawa. Sai malamina ya ce wannan bai isa ba, a yi da CRISPR, wato dabarar yanka DNA a daidai inda ake so, a lalata ƙwayar gadon daga tushe. Na yi. Wata tara na yi ina renon kifi, ina yankar ɗan yanki daga wutsiyarsu ina gwadawa, har na samu maza da mata masu ɗauke da lalataccen kwafi guda ɗaya, kamar dai masu AS a sikila. Na haɗa su. Bisa lissafi, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai gaji lalataccen daga uwa da uba duka, wato shi ne SS ɗinmu.

To wallahi babu abin da ya same su. Kai daidai, wutsiya miƙe, zuciya na bugawa. Sai na gwada kowanne ɗaya bayan ɗaya kafin in san wane ne wane. Na zaci yankan bai kama ba, na sake dubawa, ya kama: harafi bakwai suka fita tun kusa da farkon ƙwayar gadon, karatun gaba ɗaya ya goce.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, da muka aika aka ƙirga saƙonnin RNA, wato saƙonnin da ƙwayoyin gado ke fitarwa in suna aiki, na 'yan awa 24, sai aka dawo mini da jerin ɗaruruwan ƙwayoyin gado da aikinsu ya canza, kuma waɗanda suka ƙaru sun fi waɗanda suka ragu yawa. Tambayata biyu ce. Yaya za a yi madugu ya mutu ayari ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi ba? Sannan wannan jerin, in rubuta cewa su ne waɗanda yake jagoranta, ko kuwa?

Baba na Misfala ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ban san komai a kan wannan ba, ɗinki na yi shekara arba'in a Makka. Amma na karanta har ƙarshe, kuma maganar madugu ta tsaya mini, don kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan, ya ce in madugu ya rasu a hanya ba a tsayawa, akwai wanda ya san rijiyoyin. Tambayata ɗaya, kada ki ji haushi. Wata tara a kan kifin da ko miya ba zai yi ba, me ɗan Adam zai ƙaru da shi?

Ɗan Maiurno ya rubuta:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru ina wannan aikin kafin in dawo koyarwa a nan Riyad, kuma abin da ya same ki ya samu kusan duk wanda ya taɓa riƙe allurar nan. Babanmu masunci ne a Shuɗin Nilu, har ya rasu bai yarda cewa ana biyana don in kalli ƙwan kifi ba.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Ƙaramin kai, lanƙwasasshiyar wutsiya, ruwa a zuciya: wannan shi ne abin da ɗan tayin kifin nan yake yi duk lokacin da aka ɓata masa rai. Ki zuba mofolino da yawa, ko wanne iri ne, haka za ki gani. An daɗe da sanin cewa wasunsu kan tayar da p53, furotin ɗin da ke sa ƙwayar halitta ta kashe kanta in ta ga ɓarna, ƙwayoyin halitta su yi ta mutuwa a kai, ba don an taɓa abin da ake nufi ba. A 2015 wata ƙungiya a Amurka ta kwatanta sakamakon mofolino da na kifayen da aka lalata wa ƙwayar gado daga tushe, ta samu cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da mofolino ya nuna bai bayyana a ɗaya ɓangaren ba. Don haka basbusar nan wataƙila kin yi gaggawar rabawa.

Amma ba lallai ne mofolinon ya yi ƙarya ba. Akwai hanyoyi biyu da madugunki zai mutu ba a gane ba.

Ta farko guzurin uwa. Iyayen 'ya'yan kifinki AS ne, kin faɗa. To uwar tana da kwafi mai lafiya, kuma tun tana haɗa ƙwan a cikinta ta cika shi da saƙonnin RNA da furotin. Ɗan tayin kifin zebra ba ya ma karanta nasa DNA ɗin da farko. Yana rabuwa ne kawai, kusan duk minti 15, da kayan da uwa ta bari, sai wajen awa uku, ƙwayoyin halittarsa sun kai kusan dubu, sannan nasa ƙwayoyin gadon su farka sosai. Wani guzurin kan ƙare nan da nan, wani kuwa yakan kai kwanaki. Misalin da nake ba ɗalibai shi ne ezh2, wanda aikinsa rufe bakin wasu ƙwayoyin gado ta hanyar sa alama a kan furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsu. In ɗan kifin kaɗai ya rasa shi, uwa ta ba shi, zai tashi sumul, ya yi iyo, sai ya kai kwana goma da 'yan kai kafin ya mutu. In uwar ma ba ta sa masa ba, wajen kwana biyu yake kaiwa. Abin mamaki ma, ko a haka yana iya tsara kai da wutsiya da gaɓoɓi, riƙe su ne yake gagararsa.

Wani misalin ya fi wannan tsanani. A 2013 ɗakin gwajin Antonio Giraldez a jami'ar Yale ya nuna cewa masu tayar da ɗan tayi daga barcin nan guda uku ne a gaba, Nanog da Pou5f3 da dangin SoxB1, kuma saƙonninsu cikin guzurin uwa suke. Da aka hana su aiki gaba ɗaya, fiye da kashi 75 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da ya kamata su farka ba su farka ba, ɗan tayin ya tsaya cak. Cikin waɗanda ba su farka ba har da miR-430, wanda aikinsa share tsofaffin saƙonnin uwa in lokacinsu ya wuce. Wato uwa ce ke ba da wanda zai tayar da mai share kayanta.

Ki duba a bayanan da ke intanet ko saƙon madugunki yana cikin ƙwai tun kafin awa uku. In yana nan, ki rena SS ɗinki su girma. In matan sun rayu sun yi ƙwai, ki haɗa su, sai ki ga abin da ke faruwa in babu guzuri.

Hanya ta biyu ita ce ta Baba na Misfala, akwai wanda ya san rijiyoyin. Kakannin yawancin kifayen da muka sani sun ninka dukkan ƙwayoyin gadonsu sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, shi ya sa kike ganin sox9a da sox9b, mitfa da mitfb, inda mutum ke da guda ɗaya. Madugunki yana da ɗan'uwa? Sannan ko ba tagwaye ba, wani na iya cike gurbin. Ɗakin gwajin Didier Stainier a cibiyar Max Planck da ke Jamus ya gamu da irin matsalarki a kan egfl7: mofolino ya lalata jijiyoyin jini, amma yawancin kifayen da aka lalata wa ƙwayar gadon lafiya lau. Da suka bincika sai suka ga wasu na daban, irin su emilin3a, sun ƙara aiki. Sun wallafa wannan a 2015. A 2019 kuma, a aikin da wani ɗan Masar, Mohamed El-Brolosy, ya jagoranta, suka nuna abin da ke tayar da ƙararrawar: in lalataccen saƙon yana da alamar tsayawa tun kafin ƙarshensa, ƙwayar halitta kan farfasa shi, farfasawar nan kuma ita ke sa masu kama da shi su ƙara himma. In aka cire wurin da ake fara karanta ƙwayar gadon, ta yadda babu saƙon da za a farfasa, ƙararrawar ba ta kaɗawa, cutar kuma sai ta fito fili.

Harafi bakwai kusa da farko, kin ce. Irin wannan yankan ne daidai yake haifar da alamar tsayawa da wuri.

'Yar Kandara ta rubuta:

Yaya, Allah ya saka da alheri, ko da yake maganar basbusa ta yi mini zafi. Gaskiya ban haɗa mofolinon da mai toshe p53 don in tantance ba, kuma da na koma littafina na ga mafi yawan hotunan da na fi so daga allura mafi ƙarfi suka fito. A mafi ƙanƙanta kusan ba a ga komai ba. Na san da haka tun lokacin, na dai ƙi kallon wajen ne.

Ɗan'uwa kuwa yana da shi, mai harafin b a ƙarshe. Mun yi watsi da shi don an ce a ƙwaƙwalwa kawai yake aiki. Yanzu na buɗe jerin nawa, ga shi nan a cikin waɗanda suka ƙaru. Wata biyu jerin yana hannuna, ina ta neman sunayen da nake so in gani.

Baba, ban ji haushi ba, Inna ma kullum tambayarta ke nan. Abin da zan iya cewa, da aka kammala karanta DNA ɗin kifin nan a 2013 an ga kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa. Abin da ba za a iya gwadawa a cikin mace mai ciki ba, ana iya kallonsa a faranti.

Mai Lissafi ya rubuta:

Ni ban taɓa riƙe kifi ba sai a faranti da shinkafa, aikina lissafin irin wannan jerin ne a kwamfuta. Tambayarki ta biyu ba a amsa ba, amsar kuma ita ce a'a, kada ki rubuta haka.

Jerin nan bai gaya miki wa madugu ke jagoranta ba. Ya gaya miki abin da ya bambanta tsakanin kwano biyu na niƙaƙƙen ɗan tayi, shi ke nan. A awa 24 an riga an yi nisa. Madugu ya tayar da wani, wannan ya tayar da wani, na ukun ya kwantar da na huɗu. Duk za su fito a jerinki, alhali na farkon kaɗai ya taɓa gani ido da ido. Yawan waɗanda suka ƙaru ma bai tabbatar da cewa aikinsa dannewa ne ba, yana iya yiwuwa wani mai dannewa yake tayarwa. In kina son na kusa da shi, ki ɗauki samfur jim kaɗan bayan lokacin da ya fara aiki, sannan ki nemi inda furotin ɗin yake zama a kan DNA ki haɗa da jerin. Inda biyun suka haɗu, nan ne za ki fara magana.

Abu biyu kuma da nake roƙon kowa ya duba kafin ya yi murna. Ki jera ƙwayoyin gadon nan bisa kuromosom ɗin da suke, wato ƙunshin DNA ɗin da kowacce ke zaune a kai. Kifin yana da 25. In kika ga sun yi cincirindo a kan wanda madugunki yake, yawancinsu ba ruwansu da shi. Kifayen ɗakin gwaji ba iri ɗaya ba ne sak, kuma duk SS ɗinki sun gaji wannan yankin daga kaka guda, tare da maƙwabtan da ke kusa. Bambancin zuriya kike gani.

Na biyu, shekaru. Ɗan tayin da ya yi jinkirin awa ɗaya a wannan matakin, ɗaruruwan ƙwayoyin gado za su nuna bambanci ba tare da wani dalili ba sai jinkirin. Da agogo kika tsince su ko da ido? Kuma duk daga uwa ɗaya, rana ɗaya?

Ba na musun abin da Malam Ɗan Maiurno ya faɗa, amma kada a mai da cike gurbi amsar komai. Ƙaruwar ɗan'uwan a jeri ba hujja ba ce cewa shi ya ceci kifin. Sai kin cire shi shi ma kin gani.

Ɗan Maiurno ya rubuta:

Na yarda, haka ne. Kan shekaru kuma, ƙanwata, a tsakanin awa 10 da 24 ki riƙa ƙirga gaɓoɓin bayan nan da ke fitowa bi da bi, kusan ɗaya duk rabin awa. Sun fi agogo gaskiya. Jadawalin da kowa ke bi, na Charles Kimmel na 1995, a kan zafin digiri 28.5 aka gina shi, in ya sauka tafiyar ta ragu, in ya hau ta ƙaru.

Likitar Dammam ta rubuta:

Baba na Misfala, bari in ƙara kan amsar 'yarka da abin da nake gani a wurin aiki. Jariri a ciki yana da nasa irin haemoglobin, wato abin da ke ɗaukar iska a jini. Bayan haihuwa sai wani madugu mai suna BCL11A ya kwantar da na jarirai, na manya ya karɓi aiki. Mai sikila, na manyan ne ke da matsala, shi ya sa ba a cika ganin ciwon a watannin farko ba. A nan gabashin Saudiyya da yawa daga masu sikila na jariran bai kwanta gaba ɗaya ba, kuma ciwon ya fi zuwa musu da sauƙi fiye da yadda muka sani a gida Najeriya.

Maganin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 wannan madugun yake rage wa ƙarfi a cikin ƙwayoyin da ke haifar da jini, da CRISPR ɗin nan da ta ambata, sai na jarirai ya sake tashi. Tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa, wannan wata maganar ce. Amma kafin a kai nan sai da wasu suka yi shekaru suna tambayar wa ke kwantar da wa, a cikin ɓeraye da ƙwayoyin halitta a faranti.

Baba na Misfala ya rubuta:

To, na ji. Jikata biyu masu sikila ne. Allah ya yi muku albarka, 'yata ki ci gaba da kifinki.

'Yar Kandara ta rubuta:

Na dawo bayan kwana huɗu, ga abin da na samu.

Mai Lissafi, ka kama ni sau biyu. Na jera su bisa kuromosom, wani babban kaso ya taru a kan na madugun, har ba sai an yi lissafi ba, ido ma ya gani. Sannan da agogo na tsince su. Mafi muni, kwanona uku na SS ba rana ɗaya na tara su ba. Guda ɗaya na tara ne a makon da na'urar ɗumama ƙwai ta lalace, aka mayar da farantanmu kan tebur a ɗakin da sanyin AC ke sa mutum neman rigar sanyi a tsakiyar watan Agusta. Na rubuta haka a littafina da hannuna, da jan biro ma, na manta. Da na cire wannan kwanon jerin ya ragu sosai, sai dai da kwano biyu ba a cewa komai, dole in sake.

Abin da bai motsa ba shi ne ɗan'uwan mai harafin b, yana nan a sama. Saƙon madugun kansa kuma ya ragu ƙwarai a SS, wanda ya yi daidai da maganar farfasawa. Na kuma duba bayanan intanet, Yaya, saƙonsa yana cikin ƙwai tun kafin awa uku. Wato duka hanyoyin biyu a buɗe suke, ban san wacce ba ce, ko duka.

Na kai wa malamina jiya ina tsammanin faɗa. Ya daɗe yana kallon jadawalin, ya ce me ya sa ban nuna masa shafin jan biron ba tun da, na ce kunya. Mun tsayar da abu uku: zan rena SS su girma in ga ko matan za su yi ƙwai, zan yi sabon yanka da zai cire mafarin ƙwayar gadon gaba ɗaya, ɗan'uwan kuma a yanke shi shi ma. Kifin yana ɗaukar wajen wata uku kafin ya isa haihuwa, sabon yankan kuma sai an bi zuriya biyu ko uku, don haka kammala digirina a bana babu shi. Ban faɗa wa Inna ba tukuna.

Yanzu haka akwai SS talatin da ɗaya a tanki biyu, kwanansu goma sha tara, suna cin abinci kamar ba su san an cire musu komai ba. Yaya Ɗan Maiurno, a wane mako ka saba fara rarrabe mata da maza? Na ji an ce in aka cunkushe su ko abinci ya yi kaɗan maza ke yawa, ni kuma mata nake nema.